Tafiya da mage ko kare a jirgin sama: shirin da zaka yi tun a gida, da abun yi in matsala ta taso

Ranar 2 ga Janairun 2024 ina zaune magena Toka tana kwance a cinyata naga bidiyon jirgin nan na Japan Airlines yana ci da wuta a filin jirgin Haneda na Tokyo, ya sauko kenan daga Sapporo ya yi karo da wani ƙaramin jirgi na masu tsaron gaɓar teku. Mutum 379 ne a cikin babban jirgin kuma cikin ikon Allah dukkansu suka fito da rai, ta ƙofa uku kacal cikin takwas, su kuwa na ƙaramin jirgin mutum 5 cikin 6 suka rasu. Daga baya kamfanin ya sanar cewa akwai kare ɗaya da mage ɗaya a ɗakin kaya na ƙasa, ba a samu damar ciro su ba. Wallahi wannan labarin ya daɗe yana damuna, saboda a lokacin saura 'yan watanni in tashi da Toka zuwa Turai wajen karatu, kuma duk shirin da nake yi na takardu ne da allurai, ban taɓa zama na tambayi kaina ba, toh in wani abu ya faru a sama ko a titin jirgi ita ya zan yi da ita?

Nasan wani zai ce ana maganar ran mutum wa yake ta mage. Ba musu, ran mutum shi ne gaba kuma zan maimaita wannan a ƙasa. Amma dai duk mun taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle bata ba ta abinci ba bata sake ta ba, toh wanda ya sa dabba a keji ya hau da ita sama ƙafa dubu 35 inda bata da ikon yi wa kanta komai, amana ya ɗauka ba ƙarama ba. Kuma yanzu mutanenmu da yawa suna kiwon maguna na gida, musamman irin masu gashin nan na Fasha, ga masu aku, ga masu karnukan gadi da aiki ke mayar da su wata ƙasa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe: a lokacin da hatsarin ke faruwa abun da zaka iya yi wa dabbarka kaɗan ne ƙwarai, kusan duk abun da zai cece ta ka riga ka yi shi ko ka bar shi tun kana gida. Kuma ba ina maganar irin faɗuwar jirgin da ta faru a unguwar Gwammaja ta Kano ranar 4 ga Mayun 2002 ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, irin wannan babu dabarar fasinja a ciki. Ina maganar wanda ake tsira ne, kuma su ne suka fi yawa: gargadar iska, hayaƙi, iskar cikin jirgi ta zube, taya ta fashe, jirgi ya zarce titi, a ce kowa ya fita da gaggawa.

Farkon shawara, sama ko ƙasa

In dabbarka ƙarama ce yi duk yanda zaka yi ta shiga cikin jirgi tare da kai. Kamfanoni irin su Lufthansa da KLM da Turkish Airlines suna yarda da mage ko ƙaramin kare a ɗakin fasinja in nauyinsa haɗe da jakar bai wuce kilo 8 ba. Wasu kuma sam basa yarda, Emirates da Qatar Airways misali mage da kare na kiwo ƙasa suke tafiya, duk da cewa Qatar ɗin tana barin shaho ya shiga ɗakin fasinja saboda al'adar Larabawan yankin. Ingila ma nata tsarin daban, dabbar kiwo a matsayin kago, wato a ɗakin kaya na ƙasan jirgi, take shiga ƙasar komai ƙanƙantarta, sai dai karen da ke yi wa makaho ko mai lalura jagora. Don haka kafin ka biya kuɗin tikiti ka fara bincika wannan, ba bayan ka biya ba.

Ɗakin kaya na ƙasa ba wai babu iska bane kamar yanda mutane ke zato, matsin iskarsa ɗaya da na sama, kuma akwai ɓangaren da ake ɗumamawa inda ake ajiye dabbobi. Matsalarsa ita ce babu mai shiga wajen in jirgi ya tashi. Babu takunkumin oksijin da zai faɗo mata, in kuma na'ura ta nuna akwai wuta a wajen abun da matuƙi zai yi shi ne ya rufe hanyar iska ya saki gas ɗin kashe wuta da ake kira halon, don ya tsirar da jirgin da ɗaruruwan mutanen da ke sama, kuma dabbar da ke ciki da wuya ta kai labari. In aka zo fitar gaggawa kuma ba wanda zai tsaya buɗe ƙofar kaya. Wannan gaskiyar ce ya kamata ka sani kafin ka sa hannu a takarda, in ba dole ba ne tafiyar da ita, misali sati biyu zaka yi ka dawo, don Allah ka bar ta a gida wajen wanda ka yarda da shi.

Sai maganar masu gajeren hanci, wannan ta shafe mu sosai saboda magunan Fasha da ake yayi. Mage ko karen da fuskarsa ta lotsa, irin su buldog da fug, hanyar numfashinsu a matse take tun halitta, zafi kaɗan ko tsoro sai numfashi ya gagara. A 2010 ma'aikatar sufurin Amurka ta fitar da lissafin karnukan da suka mutu a jirage cikin shekara 5, kusan rabinsu masu gajeren hanci ne, shi yasa kamfanoni da dama suka daina karɓarsu a kago kwata-kwata. In taka irin wannan ce, ko ta shiga sama tare da kai ko a haƙura.

Takardu zan wuce su da sauri don ba su ne zancen ba, amma ka fara da wuri. Maikurocif (ɗan ƙaramin abu mai lambar shaida da ake sa wa dabba a ƙarƙashin fata), allurar haukan kare, takardar lafiya daga likitan dabbobi, da izinin fita daga NAQS, hukumar da ke duba dabbobi da amfanin gona masu shiga da fita, in daga Najeriya zaka tashi. Turai suna son gwajin jini da za a ɗiba aƙalla kwana 30 bayan allurar, sannan a jira wata 3 kafin tafiya. Amurka tun 1 ga Agustan 2024 kare sai ya kai wata 6 da maikurocif da fom ɗin CDC, hukumarsu ta yaƙi da cututtuka, ga ƙarin sharuɗa ga ƙasashen da ake ganin haukan kare ya yi yawa, kuma ƙasashenmu na ciki. Mai aku kuma ya sani cewa akun nan mai launin toka da jar wutsiya tun 2017 yana jerin farko na CITES, yarjejeniyar duniya ta kare namun dajin da ke barazanar ƙarewa, fita da shi ba izini laifi ne babba. Maikurocif ɗin nan kar ka ɗauke shi sharaɗin banza, in dabba ta kuɓuce a filin jirgin wata ƙasa shi ne kaɗai zai nuna taka ce.

Jaka da keji

Nan ne na fi ɓata lokaci kuma ban yi nadama ba. Jakar Toka mai laushi ce mai raga ta gefe uku, na saya wata biyu kafin tafiya na ajiye ta a buɗe a tsakar ɗaki, na shimfiɗa tsohon ɗankwalina a ciki, kullum a nan nake zuba mata abinci. Satin farko ko kallonta bata yi, sai dai ta miƙa wuya ta ɗauki naman ta ja baya. A sati na uku na shigo na tarar ta naɗe a ciki tana barci. Daga nan na fara zuge zif ɗin na minti 5, na minti 20, har muka kai ina sa ta a mota ƙanina ya zaga da mu gari. Amfanin wannan shi ne ranar da jirgi ya yi girgiza ko ƙara ta yi yawa, dabbar da ta ɗauki jakar a matsayin ɗakinta lafewa take yi, wadda kuwa ranar ta fara ganinta yaƙi zata yi da ragar har ta fasa ko ta karya farce.

Ka duba zif ɗin da kyau, mage tana iya tura hanci ta buɗe shi, ni ɗan ƙarfen maƙala makulli na sa na haɗe kawunan zif ɗin biyu. A ƙasa ka shimfiɗa abun tsotse fitsari irin na jarirai, ka riƙe biyu ko uku a aljihun jakarka. Sannan don Allah kar ka zura fawa bank a aljihun jakar dabbar, mu da muka saba yawo da shi ko'ina. Batirin nan yana kamawa da wuta, a Janairun 2025 jirgin Air Busan ya ƙone a Koriya ta Kudu kafin ya tashi, wutar daga lokar sama ta fara kuma fawa bank ake zargi.

Wanda tasa zata shiga ƙasa kuma kejin roba mai tauri zai nema irin wanda ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta yarda da shi, dabbar ta iya miƙewa tsaye kanta bai taɓa rufi ba, ta juya, ta kwanta. Sama da ƙasan kejin a ɗaure su da noti na ƙarfe, ba ɗan maƙalin robar nan da ke ɓallewa in keji ya faɗo ba. In akwai taya a cire. Ƙofar a ɗaure ta da kebul tai irin na masu wayarin, kar a sa kwaɗo, saboda in wani abu ya faru ma'aikaci ya iya yankewa ya fito da ita cikin daƙiƙa ba tare da neman makulli ba. Ka cire mata igiya da duk abun da zai iya sarƙe wuya. Ruwa kuma ka zuba a kwanon da ke maƙale da ƙofar ka sa a firiza ya daskare, in ba haka ba tun wajen lodi zai zube ta tafi awa 7 ba ruwa. A jikin kejin ka liƙa hotonta da sunanta da lambar wayarka da ta wanda zai tarbe ka, da alamar dabba mai rai da kibiyar da ke nuna sama.

Maganin barci: kar ka bayar. Nasan shi ne shawarar farko da kowa zai baka, a ɗirka mata wani abu ta yi shiru. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta daɗe tana hana wannan, saboda matsin iskar cikin jirgi kamar kana kan dutse ne mai tsayin ƙafa dubu 6 zuwa 8, oksijin ya riga ya ragu, maganin kuma yana sauke bugun jini yana rage numfashi, sannan dabbar da ke cikin maye bata iya tokare jikinta in keji ya karkata. In taka mai tsananin tsoro ce ka je wajen likitan dabbobi tun da wuri, akwai maganin rage fargaba da ba na barci ba, kuma a gwada shi a gida tukun. Abinci ka bata kaɗan kamar awa 4 zuwa 6 kafin tashi, ruwa kuwa har lokacin shiga.

Lokacin tafiya ma abun dubawa ne. Wasu kamfanonin Amurka basa ɗaukar dabba a kago in zafi ya haura kusan digiri 29, toh ka tuna Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu da rana tsaka, zafi ya wuce 40, kwaltar filin jirgi kuma ta fi haka, keji na kan keken kaya yana jiran lodi. Ka zaɓi jirgin dare ko na asuba. Lokacin hunturu kuma hazo na sa a jinkirta jirgi ko a karkatar da shi wani gari, don haka ka riƙe abincin kwana ɗaya a jakar hannu. In da hali jirgi ɗaya kai tsaye, duk canjin jirgi wata dama ce ta kuskure. A Afrilun 2024 a Burazil an ɗora wani kare mai suna Joca a jirgin da ba nasa ba, aka kai shi Fortaleza aka sake dawo da shi, tafiyar da bata kai awa 3 ba ta koma kusan awa 8, ya mutu.

A filin jirgi

Ni abun da ya same ni, na je kanta matar ta duba kwamfuta tace Hajiya ba a sa magen nan a tikitinki ba, alhali na biya ta hannun ejan. Allah ya taimake ni na buga imel ɗin tabbaci a takarda, shi na miƙa, aka yi ta waya kusan minti 40 kafin a gyara. Kowane jirgi yana da iyakar dabbobin da yake ɗauka, don haka ka kira kamfanin da kanka kwana biyu kafin tafiya, ka riƙe shaida a takarda.

Wajen sikana kuma nan ne dabbobi suka fi kuɓucewa, saboda za a ce ka fito da ita a wuce da jakar ta na'ura. Tun a gida ka sa mata ɗamarar ƙirji mai igiya, ba ta wuya ba, mage tana zare kai daga ta wuya. Ka naɗe igiyar a hannu kafin ka zuge zif. In kana ganin zata firgita ka roƙi a kai ku ɗakin bincike mai ƙofa. Toka da na fito da ita zuciyarta bugawa take kamar zata fito, ta cusa kanta a hammatata ta kafa min farce a kafaɗa ta cikin mayafi, da ba igiyar nan ban san inda zamu kwana ba.

Kujera ka nemi ta jikin taga. Ba za a baka layin ƙofar gaggawa ba, ba kuma za a baka layin da babu kujera a gabansa ba, tunda jakar ƙarƙashin kujerar gabanka zata zauna. Ta taga ta fi saboda in aka zo fita ba wanda zai yi tuntuɓe da jakarka, kuma keken abinci bazai buge ta ba. In kare ne ka gaya wa na kusa da kai tun kafin a tashi, a jiragen da ke zuwa wajenmu da yawa basa son kare ya raɓe su saboda tsarki, wani kuma gashin mage na tayar masa da asma, gara a canza wuri cikin mutunci tun a ƙasa.

Da ka zauna ka kira ma'aikaciyar jirgi. In dabbarka tana ƙasa kace don Allah a tabbatar wa kaftin akwai dabba a kago. A ƙa'ida akwai takardar da ake ba shi mai nuna haka, amma tuni baya ɓata komai, kuma sanin nasa yana da amfani: a Satumbar 2015 wani matuƙin Air Canada da ya taso daga Tel Aviv zuwa Toronto ya lura na'urar ɗumama ɗakin kaya ta lalace, ya san akwai kare a ciki, ya karkata ya sauka a Frankfurt kafin su hau kan teku inda sanyi zai kashe shi. In kuma tana tare da kai ka tambaye ta kai tsaye, in aka ce a fita da gaggawa mene ne dokarku a kan wannan? Ka ji amsar tun hankalinka na kwance.

Lokar sama kuwa ko wa ya ce ka sa dabba a ciki kar ka yarda, babu iskar kirki a wajen. A Maris 2018 a jirgin United daga Houston zuwa New York an sa wata mata ta ɗora jakar ɗan kwikwiyonta a can, aka sauka ya mutu, kamfanin da kansa ya amsa cewa kuskure ne. Ka yi magana a hankali, ka buɗe ragar a ga mai rai ne, ka nemi shugaban ma'aikatan, in ta kama ka sauka ka sauka.

In abun ya zo

Gargada ita ce ta fi yawa. Jaka a ƙasa, zif a rufe, ka tokare ta da ƙafafunka biyu, kai kuma bel a ɗaure. Kar tausayi ya sa ka ɗauko ta ka rungume, hannun mutum baya iya riƙe kilo 5 in jirgi ya faɗa rami. Jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan a Mayun 2024 cikin daƙiƙu kaɗan mutanen da basu ɗaura bel ba suka bugi rufi, mutum ɗaya ya rasu da dama suka ji rauni. Ka sunkuya ka yi mata magana da muryar da ta sani, ka sa yatsa a jikin ragar, ya isa.

In takunkuman oksijin suka faɗo, naka zaka fara sawa, ba wai son kai bane, a ƙafa dubu 35 abun da kake da shi kafin hankalinka ya gushe bai wuce daƙiƙa 30 zuwa 60 ba, in ka suma ba kai ba ita. Sai yaro ko tsohon da ke kusa da kai. Yawanci akwai ragowar takunkumi a layi, amma don jariran da ke kan cinya aka tanade shi, kuma igiyarsa bata kai ƙasan kujera ba, kar ka kwance bel kana neman jawo jaka. Abun da zai ceci dabbar shi ne abun da matuƙi ke yi a lokacin, wato sauko da jirgin da sauri zuwa wajen ƙafa dubu 10 inda kowa zai iya numfashi, cikin 'yan mintuna ake yin wannan. Da jirgi ya daidaita sai ka duba ta ka kira ma'aikata.

Ka san alamun wahala. Mage bata haki da baki buɗe kamar kare, in kaga tana yi akwai matsala. Ka ɗaga leɓenta, dasashi ya kamata ya zama ja-ja mai haske, in ya koma fari ko shuɗi-shuɗi oksijin ne ya yi ƙasa. Danna ƙararrawa nan take. A 2018 a wani jirgin JetBlue a Amurka harshen wata karya mai suna Darcy ya koma shuɗi, ma'aikatan suka kawo ƙaramar tukunyar oksijin suka kara mata a hanci ta farfaɗo. Ba dole bane a kansu amma in ka yi magana da wuri cikin ladabi sau da yawa suna taimakawa. In zafi ne ka jiƙa tawul da ruwa mai ɗan sanyi ka shafa mata a tafin ƙafa da ciki da kunne, ka juyo da bututun iskar saman kanka wajenta.

Hayaƙi sama yake tashi, don haka ƙarƙashin kujera inda take nan ne iska ta fi tsabta, bar ta a wajen. Tsuntsu ne abun tsoro, hayaƙin da mutum zai yi tari kawai shi yana iya kashe shi, ka lulluɓe kejinsa da jiƙaƙƙen ƙyalle mara kauri.

Toh sai babbar, fitar gaggawa. Ana gwada kowane babban jirgi a kan cewa kowa zai fita cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofi, saboda bayan wannan wuta da hayaƙi suna iya cinye ɗakin. Abun da ke ɓata lissafin nan shi ne kaya. A Moscow ranar 5 ga Mayun 2019 jirgin Aeroflot ya kama da wuta wajen sauka, mutum 41 cikin 78 suka mutu, kuma an ga wasu da suka fito riƙe da jakunkuna. A Haneda kuwa mutane sun bar komai suka fita hannu biyu, yana cikin dalilan da yasa aka kammala da kowa. A wajen yawancin kamfanoni jakar dabba kaya ce a wannan lokacin, kamfanin StarFlyer na Japan da ke barin dabba a ɗakin fasinja ma a fili ya rubuta cewa in an zo fitar gaggawa barinta zaka yi. Dalilin a bayyane yake: jaka na iya maƙalewa a ƙarƙashin kujerar da ta lanƙwashe ka tsaya ja mutum 20 na bayanka cikin hayaƙi, keji mai tauri ko farce na iya fasa robar nan da ake hura wa iska a zame a kanta, in ta sace kuma ƙofa guda ta tashi aiki, sannan kai kanka kana buƙatar hannunka biyu.

Na yi kwanaki ina juya wannan a raina kafin tafiyata, har na yi kuka, amma matsayar da na tsaya a kai ita ce in ma'aikata suka ce a bar komai zan bar ta, bazan iya tsayawa gaban Allah da alhakin ɗan wani da ya shaƙe a bayana ba. Kai ma ka yanke naka hukuncin tun a gida, don a cikin hayaƙi ba a tunani. In kuma saukar da aka shirya mata ce, wato kaftin ya sanar saura minti 20 ko 30, toh akwai lokaci, ka sake tambayar ma'aikata abun da suke so ka yi da ita, ka tura jakar can ciki ka cusa bargo ko filo a gefenta don kar ta yi ta buguwa, ka tabbatar ɗamarar ƙirjin na jikinta. In sun yarda ka fita da ita, jakar a ƙirjinka ka rungume, ba a baya ba, ba a hannu tana lilo ba. Abun da bazaka taɓa yi ba shi ne buɗe zif ka sake ta wai ta ceci kanta, zata shige ƙarƙashin kujeru ne ko ta shiga ƙafafun mutane ta kayar da su. Mai karen jagora shi nasa daban, ma'aikata suna zuwa su yi masa bayani shi kaɗai tun kafin tashi.

Da ka taka ƙasa ka yi nisa da jirgin, kar ka koma ciki ko me ka bari. Ka nemi ɗan kwana-kwana ko ma'aikacin jirgi mafi kusa ka gaya masa a taƙaice, mage a jaka ƙarƙashin kujera lamba kaza, ko kare a kago. Sau da yawa fitar gaggawa bata ƙarewa da gobara, wani lokacin hayaƙin birki ne ko ƙararrawa, in wuri ya lafa su zasu shiga su ɗauko ta. Shi yasa nake sa fasfo da waya da ɗan kati mai hoton Toka da lambar maikurocif ɗinta a aljihun rigata ba a jaka ba, lambar kujerar ma a bayan katin nake rubutawa da biro da zarar an bani.

In an miƙo maka ita kar ka buɗe jakar a fili, ga jiniya ga motoci, dabbar da ta firgita ko mai ita bata ganewa. Ka bari sai an kai ku ɗaki mai ƙofa, ka zauna a ƙasa, ka buɗe kaɗan ka bata ruwa. Ko da kaga tana tafiya lafiya lau ka kai ta wajen likitan dabbobi a ranar, ka gaya masa ta shaƙi hayaƙi ko ta bugu, saboda illar hayaƙi a huhu tana iya ɗaukar kwana ɗaya ko biyu kafin ta bayyana, kuma mage gwana ce wajen ɓoye ciwo.